Gwangwanin Ustaz Babikir

Ɗari ya sauka Gadarif,
jibi walimar aji.
Sakina ta dawo da magana a baki:
"Umma, Ustaz Babikir sai ya hura yatsunsa
kafin ya ɗauki alli.
Duk sun tsage, kamar gona bayan yankan riɗi."

Ba mu da kuɗin turaren kanti.
Gwangwanin tumatir muka wanke sau uku,
muka dakushe bakinsa da dutse.
Man riɗi daga gindin kwalba,
kakin zuma na maƙwabciya,
kanumfari biyar da na ɓoye don shayi,
duk suka narke a kan garwashi.
Ta ƙona yatsa, ta haɗiye kukan.
Ta yanki gefen tsohon mayafina
ta ɗaure bakin da kaba,
ta rubuta sunansa da Larabci,
ta manta ɗigon ba na biyu.
Na gani, na yi shiru.

Ran walima da yamma na tambaya.
"A gabanmu ya shafa.
Alli ya suɓuce masa har sau biyu,
aji ya ɓarke da dariya.
Sai ya zaro biro, ya sa ɗigon,
ya jefa gwangwanin a aljihun jallabiya."