Ɗan Garuwa a Garwa

Shekara talatin ina tallar ruwa a Garwa,
sanda ta ci kafaɗata har ta yi kanta.
Na san nauyin ruwa, na san kuɗinsa,
na san yadda yake fantsama in na taka rami a Rumde Ajiya.
Duk a zatona abu guda ne.

Sai Barmani, autata, ta dawo hutu daga Marwa
da kwalba, da waya, da ƙarfe biyu.
Ta ƙi ruwan Binuwai, wai laka ta yi masa yawa,
sai tatacce, ta jefa masa wani gishiri ɗan uwan kanwa,
don wuta ta sami hanyar bi.
Ta sa shamaki tsakanin ƙarafan,
ta ja waya zuwa faifan sola a kan kwano.

Na ce, ke, wuta da ruwa? Wa ya taɓa shirya su?
Ta ce, Baba, zuba ido.

Kumfa ta soma tsattsafowa,
ƙanana, kamar ƙwan kifi.
Ta hagu biyu, ta dama ɗaya.
Na ƙirga, na sake. Biyu, ɗaya.

Ashe tagwaye ne da yayarsu, in ji ta,
riƙe da hannun juna tun ran gini,
lantarki ne ke ɓamɓare yatsun.
Yayar ita muke shaƙa.
Tagwayen, haidurojin, ba launi, ba wari,
sun fi tunanin yaro rashin nauyi.
Ta kusanto da ashana: fat!
Kaza ta bar tsakar gida.

A manyan ma'aikatu, ta ce, irin wannan jere suke,
suna ɗure ranar azahar cikin tukwanen ƙarfe
don a ci moriyarta bayan isha,
a narka tama, a yi taki, a tuƙa tirela.
Lita tara, kilo guda.
In an ƙona shi kuma, babu toka.
Ruwa yake komawa.

Wannan ce ta hana ni barci.

Da asuba na saɓa sandata.
Garewani biyu suna rangaji, gaba da baya,
na bi layin masu gasa kifi a hankali,
ban bari ɗigo ya zuba ba.
Wata ta leƙo: mai ruwa, nawa?
Na kusa cewa, Hajiya, wuta ce fa.