Dutsen Gariba

Likita a Manhyia ya ce sukari ya yi mini yawa,
in riƙa taka ƙasa tun rana ba ta ɗaga ba.
Humu ta miƙo mini tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi:
"Baba, in ka ga abin kallo, danna nan."
Haka na zama mai hoto da furfurata,
ba malami, ba lasisi.

Ina bin rafin Aboabo ta bayan maƙeran tukwane,
inda ruwa ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a wuta.
Na ɗauki balbela tsaye a kan taya,
fara fat, kai ka ce ba 'yar unguwar ba ce.
Na ɗauki ledojin fiyawata sun yi sahu a jikin gada,
da wata gwaza da ba wanda ya shuka,
ganyenta ya fi faifai faɗi.
Ran Asabar na shiga tirotiro har Wiwi,
can gora ke sunkuyo wa ruwa,
na yi rabin awa ina fakon zalɓe.
Da na danna, ya riga ya tashi.
Ƙafafunsa kawai na samu.

Rabin hotunan a karkace suke.
Humu ta ce hannuna na rawa.
Na ce ƙasar ce ba ta daidaita ba.

Bayan la'asar sai in nufi Asawase, ɗakin Gariba.
Shekara uku ke nan ƙafarsa ta hagu ta yi masa yaji,
yana kuma ta fara rufe masa ido.
Tare muka kama tarwaɗa a rafin nan da kwandon innarsa,
tare muka sha bulala a kan kwandon.
Yakan kai wayar dab da hanci
kamar mai sunsunar turare a kasuwar Kejetia,
ni ina ja masa da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan fa?"
"Bayan gidan su Sumaila mai gawayi."
"Ƙarya kake, can akwai bishiyar mangwaro."
"An sare. Shagon caji ne yanzu."
Sai ya yi tsaki, ya ce in wuce.

Rannan na so in tsallake wani hoto da ya lalace,
babban yatsana ya tare kusurwa,
dunƙule, ja-ja, ba kyan gani.
Ya riƙe mini hannu.
"Tsaya! Ai dutsenmu ne.
Daga kansa muke alkafura mu faɗa ruwa.
Nan Awudu ya bar haƙorinsa na gaba.
Ashe yana nan?"

Dutsen da katafila ta tumɓuke
shekarar da aka zuba wa rafin kankare.
Ina tsaye a wurin aka yi.

Na dubi yatsana, na dubi Gariba.
Dariya yake, har da tari,
yana lissafa mini yaran da suka iya nutso
da waɗanda sai cika baki.
Cikinsu mu biyu muka rage.

Na ce, "Yana nan."
Allah Ya yafe mini, na ce yana nan.

Da daddare Humu ta karɓi wayar za ta yi shara,
wai ta cika, ba wurin sabo.
Na ce goge balbelar in kin so,
goge ƙafafun zalɓe,
wannan kam ki bar mini.

Gobe in na idar da asuba zan koma.
Ruwan daren jiya ya ƙara wa rafin murya.
Zan tsaya daidai inda muke tuɓe riguna,
in saita gada, in saita ruwa,
in kawo yatsana a hankali
gefen dama, ƙasa kaɗan,
inda dutsen yake.