Rigar Baƙo

Baba Gyang ya kawo ƙasa a leda
daga gonarsa ta bakin Lamingo,
da dankali uku. Ya yanka ɗaya:
zobe-zobe ruwan ƙasa a cikin tsoka.
"Wa ya yi mini wannan?"

Na tace, na ɗiga, na leƙa madubi.
Ga ta, gashin jariri ya fi ta kauri,
tana lanƙwasa kamar ba ruwanta.

Baba, ita dai yunwa ta kai ta.
Ta soki saiwar ciyawa mai ciwo, ta tsotsa,
bairos ya biyo ruwan.
Rigarsa ta furotin ce dabararsa:
ta kama bangon maƙogwaronta
kamar ƙarangiya a gefen zane,
kuma ba kowace tsutsa take kamawa ba.
Ya lafe. Wata ya wuce, yana nan.
Ran da ta soki saiwarka ta zuba yawu
ya sauka, ko kuɗin mota bai biya ba.

Sai in ta yi saɓa suke rabuwa.

Ya daɗe kan madubin, ido ɗaya a rufe.
"To ita ba ta ciwo?"
A'a, Baba.
Ya mai da sauran biyun aljihu.