Wasan Sitiyari

Kwana tara ke nan ina layin Apapa,
tankata tsaye tsakanin tanka da tanka.
Gaba Jatau na Kafanchan,
baya wani Bayarabe da ban san fuskarsa ba, sai hon ɗinsa.
A kan kwalta muke sallar asuba,
ruwan Ikko ya wanke mana taya sau huɗu.

Malam Ɗanjuma, mai shayin ƙarƙashin gada,
yana fifita shayi daga kofi zuwa kofi ya ce min:
"An gama rubutu tun ba a haƙa tekun nan ba.
Kai da motarka duk fasinja ne.
Ko sukarin da zan zuba maka, cokali biyu ko uku,
ƙidayayye ne."
Na ce, to zuba uku.
Ya ce, "Ka gani? Haka aka rubuta za ka ce."

Sabi'u, yaron motata, bai yarda ba.
Shi aljihunsa cike yake da takardun Baba Ijabu,
lamba biyu, lamba uku, duk sun sha gumi.
Ya ce duniya ƙwarya ce ana girgizawa,
abin da ya faɗo shi ya faɗo.
Ya ce da idonsa ya ga kwantena ta zame daga gada,
ta danne danfon da ya tsaya wa tsohuwa,
ta ƙyale wanda ya ƙi tsayawa.
"Oga, wa zai rubuta wannan? Katari ne kawai."

Da dare na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tanka,
warin fetur na shiga min har haƙori.
In Ɗanjuma ne da gaskiya, ni ƙusa ce,
guduma ta riga ta taso.
In Sabi'u ne, ni leda ce
da iskar teku ke yawo da ita a Ijora.
Ko wanne na bi, ba a bar min kujera ba.

Kuma gaskiya ne, ban zaɓi Funtuwa ba,
ban zaɓi uban da ya mutu ya bar gona ɗaya da 'ya'ya biyu ba,
ban zaɓi wannan zafin zuciyar da na gada
tare da tsayin wuyansa ba.
Ranar da na je tasha neman dako,
yaron wani direba ne ya kwana da zazzaɓi.
Shi ke nan fa, shekara ashirin da biyu.

Amma sitiyarina yana da wasa,
kamar faɗin yatsa biyu,
kafin taya ta ji abin da hannu ya ce.
Makanike ya ce a ɗaure, na ce a bari.

Jiya na buɗe waya, ga lambar Lawwali,
wana, shekara shida ko sallama ba mu yi,
a kan kunya goma sha ɗaya na gonar nan.
Babban yatsana ya tsaya a sama.
Na kasa kunne in ji wa ke tura shi.
Na ji muryar Inna, na ji girman kai,
na ji gajiya, na ji yayyafi a kan ƙarfe.
Wataƙila su suka yi zaɓen, ni akwati ne kawai.
Sai dai kunyar tawa ce,
ba wanda ya taya ni ɗaukarta.

Na danna.
Ta yi ƙara sau bakwai.
"Wa ke magana?"
Na ce, ni ne.
Shiru, sai kukan akuya can nesa a bayansa,
akuyar gidanmu, ko jikarta.

Da safe layi ya motsa tsawon mota guda.
Na sa giya, na matsa, na kashe.
Na je wurin Ɗanjuma na ce yau ya zuba biyu.
Ya dube ni, cokali a sama,
bai ce komai ba.