Awon Ruwa

A ma'aikatar hasashen yanayi ta Yamai
na'ura ta gama lissafi:
kwana tara babu hadari.
Ni na sa hannu.

Da la'asar Baba ya kira daga Tawa:
"Rakiya, gobe za mu fita roƙon ruwa.
Injin naku me ya ce?"

Na dubi taswira, fara fat.
"Baba, iska yake aunawa,
bai san Mai kora ta ba."
Ya yi dariya: "To, bar shi da aikinsa."

Da safe na miƙa wa rediyo alƙaluma,
ban ƙara ko ɗigo ba.
Sannan na juya mayafina baibai,
na tsaya bayan ma'aikata,
tafuna a buɗe,
kusa da gwangwanin awon ruwa.
Shi ma sama yake kallo.