Minti Goma Sha Biyar

Sun ba ni minti goma sha biyar,
bayan shayi, kafin azahar,
lokacin da ido ke nauyi.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni ƙofar zauren,
ya dubi katin da ke wuyana ya ce, "Biki ake?"
Na ce taro ne na masu ƙera manhaja,
masu ɗaura wa hoto aure da murya.
Ya ce, "Allah ba da zaman lafiya. Dala arba'in."

Wanda ya riga ni daga Yamai ya zo.
Ya gina gari sukutum a kan allo,
ruwa na gudu, inuwa na bin mai ita,
har kurciya ta tashi, aka yi ta tafi.
Na shafa aljihuna.
Wayata na nan, da tsagar da ta yi tun damina
ranar da na zame bakin Gulbi.

Aka kira ni.
Rabe mai kula da na'ura ya saki shafin farko,
na waiga, sai na ga ta'asa:
injinsu bai san ƙugiyar harufanmu ba.
Muryar Ƙasa na rubuta,
Muryar Kasa ta fito,
ko macijiya ce, ko gazawa, kowa ya zaɓa.
Wani a layin baya ya zaɓa da ƙarfi.

Ban kai shafi na uku ba kuran ya ɗauke.
Fanka ta yi juyi biyu ta haƙura.
Aka ce janareta na nan, mai makullin ne ya tafi alwala.

To, me ya rage?
Na ɗaga wayar sama kamar mai neman rezo,
na danna.

Gwaggo Talle ta Jiratawa ta shigo zauren,
da zakaranta, da lugudan maƙwabta:
"In ka ga ganyen zogala ya koma rariya,
kada ka zagi akuya.
Juya ganyen da sassafe, ɓarauniyar na ƙasa kwance."
Ta yi tari. Ta ci gaba.

Mutum ɗari da wani abu,
ba wanda ya motsa kujera.

Na ce musu, wata uku ina matse muryar nan
kamar mai matsar ƙuli,
don ta wuce ta sanda ɗaya ta rezo
ta shiga ƙaramar wayar manomi ba ta cinye masa mega ba.
Na cire iska, na cire zakara, na cire tarin.
Na kai wa mutanen garka su ji,
suka ce wannan ba Talle ba ce, rediyo ne.
Na dawo gida na mayar da tarin.

Injiniya Sabi'u na Kano ya tambayi nauyin sautin,
na ba shi lissafi har da ɗigo.
Sai wata ɗaliba ta miƙe, Shafa'atu, in ji katinta,
ba ta jira abin magana ba:
"Ita Gwaggon, nawa aka ba ta?"

Na buɗe baki.
Na tuna sabulu uku da goro.
Na tuna takardar neman tallafi
inda na kira ta "bayanai".

Nan wuta ta dawo.
Fanka ta farka, allo ya haska bayana,
Kasa, da manyan baƙaƙe,
wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Shugaban zama ya ɗaga yatsa: saura minti ɗaya.
Na ce, ban biya ba tukuna.
Shi ke nan jawabina.

A waje an jera farantan shinkafa,
ana musayar lamba, ana ɗaukar hoto.
Na cire katin na sa aljihu.
Na tsallaka titi ina tambaya
ƙarfe nawa motar Jiratawa ke cika.