Lamba Arba'in da Uku

Ranar Laraba, kasuwar Mokolo,
na tsuguna gaban tabarmar Hamajoda
inda takalman gwanjo ke baje a rana
kamar kifin Maga da aka shanya.

Saura kwana sha tara a yi tseren.
Kilomita talatin da biyu, in ji takarda,
amma takarda ba ta da tafin ƙafa.
Ba ta san tsakuwar da ke zamewa kamar gero a faifai ba,
ba ta san yashin busasshen rafi
mai haɗiye taku ya ƙi biya,
balle falalen dutsen nan na bayan Ziver
da ya yi sulɓi tun kakanni suna shanya dawa a kai.

Hannuna ya tafi kan wani ja,
mara nauyi, mai ƙyalli, sabo fil.
Hamajoda bai ko ɗago kai ba.
"Ajiye. Kyan ɗan maciji ne.
Ɗan kwalta ne, bai taɓa ganin ƙaya ba.
Juya cikinsa ka gani: sumul kamar tafin jariri.
Dutse yana son mai haƙora."

Na ɗauki mai haƙoran, baƙi, jibgege,
irin na masu gadin banki.
Ya yi dariya har goro ya faɗo masa.
"Wannan kuma kai za ka ɗauke shi, ba shi zai ɗauke ka ba.
Kafin ka kai gonakin benen nan na Mafawa
kowace ƙafa ta zama turmi."

To wanne?
Ya ce in tafi in dawo bayan la'asar,
wai ƙafar safe maƙaryaciya ce,
sai ta yini tana aiki take faɗin girmanta.

Na dawo.
Ya zaro wani daga ƙasan buhu,
toka-toka, igiyarsa ɗaya shuɗiya, ɗaya ta aro.
Ya danna babban yatsansa a gaban nawa:
"Bar wa gangara wannan filin.
Hawa numfashi yake ci,
gangara ita farce take ci, ɗaya bayan ɗaya."

Na sa. Na taka.
Sai na ji wani a ciki.
Dundunen hagu ya ci ta waje,
alamar mutumin da ke karkata in ya gaji.
Wane ne? A wace ƙasa? Ya kai ƙarshen tserensa?
Ko kuwa a nan ya tsaya, ya kwance igiya,
ya ce ya isa?

Ina cikin wannan sai ga Kwada,
tsohuwar da ke kawo mana dankali daga tudu,
kwando a ka, jika a baya,
a ƙafarta yankin tsohuwar taya da ƙusa huɗu.
Tun asuba ta sauko hanyar da nake wa shiri,
yau ma za ta koma kafin duhu,
ba lamba a ƙirji, ba mai miƙa mata ruwa.
Ta dubi ƙafata, ta dubi fuskata,
ta ce, "Ɗan birni, har yanzu zaɓe kake?"

Na biya jaka shida, ban yi ciniki ba.
Hamajoda ya ce, "Kada ka ajiye shi sai ranar.
Ku yi faɗanku tun yanzu, kai da shi,
ku gama kumburi, ku shirya."

Yau kwana tara muna fita da asuba,
ni da baƙon da ke cikin takalmin.
Shi yana ja hagu, ni ina ja dama.
Jiya a kan falalen, raɓa ba ta bushe ba,
na zame,
dundunen da ya ci ya kama wani tsagi
kamar ya san wurin.

Ban faɗi ba.
Na tsaya ina haki, na ce masa: sannu da aiki.